Karsten Nohl, Bajamushen da ya bankaɗo raunin katin SIM da rezon wayar salula

Karsten Nohl masanin tsaron hanyoyin sadarwa ne ɗan ƙasar Jamus, wanda aka haifa ranar 11 ga watan Agustan 1981. Ya shugabanci cibiyar bincike ta Security Research Labs, ko SRLabs a taƙaice, da ke birnin Barlin. Sunansa bai yi tashe a Nijar ba, amma abubuwan da ya shafe shekaru yana bincike a kansu suna cikin aljihun kusan kowane ɗan kasuwa a Matamaye: katin SIM, rezon 2G, saƙon SMS mai ɗauke da lambar karɓar kuɗi, da tsarin da ke sa layin Nijar ya ci gaba da aiki idan mutum ya wuce Ɗan Barto ya shiga Kwangwalam a kan hanyar Daura. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, Nohl ya nuna a bainar jama'a cewa kullen da kamfanoni suka dogara da shi ya tsufa, kuma ana iya buɗe shi da kayan aiki marasa tsada.

Karatu da aikinsa na farko

Ya karanci injiniyancin lantarki a Heidelberg daga 2001 zuwa 2004, sannan ya tafi Amurka inda ya yi digirin digirgir a Jami'ar Bajiniya, ya kammala a 2008. Bincikensa ya shafi ƙananan katunan da ake karantawa ba tare da an zura su cikin na'ura ba, irin na shiga jirgin ƙasa ko na buɗe ƙofar ma'aikata.

Tun yana ɗalibi ya ja hankalin duniya. Katin Mifare Classic na kamfanin NXP shi ne ya fi yaɗuwa a lokacin. Da shi ake shiga jiragen ƙasa da motocin safa na Landan, kuma a kansa Holan ke gina katin sufurinta na ƙasa baki ɗaya. Kamfanin ya ɓoye yadda kullen katin yake aiki. Nohl da abokan aikinsa, ciki har da Henryk Plötz, sai suka ɗauko ƴar ƙwayar lantarkin da ke cikin katin, suka dinga goge ta sannu a hankali, mataki bayan mataki, suna ɗaukar hoton kowane mataki da madubin ƙara girma, har suka sake zana hanyoyin da ke cikinta suka gane lissafin da take yi. A watan Disamban 2007 suka bayyana sakamakon a taron shekara-shekara na ƙungiyar Chaos Computer Club a Barlin. A shekarar da ta biyo baya masu bincike na Jami'ar Radboud da ke Nijmegen suka ƙarasa aikin, kamfanin ya garzaya kotu don a hana su wallafawa, amma a watan Yulin 2008 kotun Holan ta yi watsi da buƙatar.

Abin da wannan aiki ya tabbatar tsohuwar ƙa'ida ce. Tun a 1883 Auguste Kerckhoffs, wani malamin harsuna da ke koyarwa a Paris, ya rubuta cewa tsarin sirri na kirki shi ne wanda ko abokin gaba ya san yadda aka gina shi ba zai iya buɗe shi ba sai da makulli. Kwaɗon da amincinsa ya dogara ga cewa babu wanda ya taɓa leƙa cikinsa, ranar da maƙeri ɗaya ya kwance shi, ranar duk kwaɗunan irinsa suka tashi daga aiki. Kusan duk binciken da Nohl ya yi daga baya a kan wannan ƙa'ida ya tsaya.

Kiran waya a rezon 2G

Idan mutum yana magana a waya, muryarsa na tashi ta iska zuwa eriyar kamfani mafi kusa. Don kada duk mai na'urar kama rediyo ya saurara, ana cakuɗa muryar da wani lissafi. A tsarin GSM, wato 2G, lissafin da ya fi yaɗuwa shi ne A5/1, wanda aka tsara a 1987 kuma aka riƙe shi a asirce. Akwai ma wani ƙanensa, A5/2, da aka raunana da gangan domin sayar wa ƙasashen waje. Masana sun gano yadda A5/1 yake tun a shekarun 1990, sun kuma yi ta rubuta cewa yana da rauni, sai dai kamfanoni suna ɗaukar maganar a matsayin zancen takarda.

Nohl ya fitar da maganar daga takarda. Maimakon a zauna ana gwada makullai ɗaya bayan ɗaya duk lokacin da aka kama kira, sai ya shirya masu sa-kai da kwamfutocinsu suka yi babban lissafin sau ɗaya, aka adana sakamakon a wani kundi mai girman kusan terabait 2. Mai wannan kundi zai iya gano makullin kira cikin ɗan lokaci kaɗan. Ya sanar da haka a Barlin a watan Disamban 2009. Ƙungiyar kamfanonin salula ta duniya, GSMA, ta mayar da martani cewa aikin ya saɓa wa doka a ƙasashe da dama, kuma kama kira daga iska ba abu ne mai sauƙi ba. Bayan shekara guda, a Disamban 2010, Nohl da Sylvain Munaut suka hau dandamali da tsofaffin wayoyin Motorola masu araha da aka sauya wa manhaja, da kwamfutar tafi-da-gidanka, suka kama kira da saƙo na wayoyinsu a gaban jama'a suka warware.

Maganin matsalar ya riga ya wanzu: wani lissafi mai ƙarfi da ake kira A5/3. Sanya shi na buƙatar kamfani ya kashe kuɗi a kan na'urorinsa, kuma mai waya ba shi da ta cewa, rezo ne ke zaɓar irin kullen da za a yi amfani da shi. Wannan ne ya sa a ƙarshen 2011 SRLabs ta buɗe taswirar GSM Map, inda masu sa-kai ke auna rezon ƙasarsu su aika da sakamako, a jera kamfanoni gefe da gefe a ga wanda ya gyara da wanda ya yi biris. Dabarar ita ce kunya ta yi aikin da gargaɗi ya kasa yi.

2G na da wani rauni dabam da kulle ba ya magancewa. A wannan tsari rezo na tantance waya, amma waya ba ta tantance rezo. Duk na'urar da ta yi shigar eriya ta fi ta gaskiya ƙarfi a wurin, wayoyin da ke kusa za su iya rungumar ta. A 3G da 4G an gyara wannan, kowane ɓangare na tantance ɗan'uwansa.

Katin SIM, 2013

Binciken da ya fi shafar Afirka kai tsaye shi ne na katin SIM. Mutane da yawa na ɗaukar katin a matsayin ɗan guntun roba mai riƙe lamba. A gaskiya ƙaramar kwamfuta ce mai ƙwaƙwalwa da manhajojinta, kuma kamfani na iya aika mata umarni daga nesa ta wani irin SMS da ba ya fitowa a fuskar waya. Ta wannan hanya ake sabunta jerin hidimomin da ke cikin katin, har da na aika kuɗi. Don katin ya tabbatar umarnin daga kamfani ne, ana sa masa hannu da makullin sirri.

Katuna masu yawa a lokacin suna amfani da DES, tsarin kulle na shekarun 1970 mai gajeren makulli. Nohl ya gano cewa idan aka aika wa wasu katuna umarnin bogi, sukan ƙi shi, amma su mayar da amsar ƙin da sa hannun makullinsu a jiki. Daga wannan amsa kwamfuta ta gama-gari na iya zaƙulo makullin cikin kusan minti biyu. Wanda ya samu makullin ya zama tamkar kamfanin a idon katin: zai iya tura masa manhaja, ya sa shi aika saƙonni zuwa lambobi masu cin kuɗi, ko ya nemi sanin inda wayar take. Mai wayar ba zai danna komai ba, ba zai ga komai ba.

Ya gwada katuna kusan dubu ɗaya kafin ya yi magana, ya kuma ƙiyasta cewa katunan da ke cikin haɗari za su iya kai miliyan 750 a duniya. Ya sanar da GSMA tun kafin ya gabatar da binciken a taron Black Hat na birnin Las Vegas a 2013, kuma bai fitar da bayanan da za su bai wa ɓarayi damar kwaikwayo ba. Hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ITU, ta ce za ta ankarar da hukumomin ƙasashe kusan 200. Nohl ya yi nuni a lokacin cewa masu waya a Afirka na cikin waɗanda abin zai fi shafa, saboda a nahiyar ne katin SIM ya zama asusun ajiya. Wasu kamfanoni sun toshe ɓarakar ba tare da sauya katuna ba: sun bi ta ƙofar da ya gano suka tura wa katunansu gyara.

Maganar ba ta ƙare nan ba. A 2019 kamfanin AdaptiveMobile ya bayyana wani hari mai suna Simjacker, wanda shi ma ta ɓoyayyen SMS yake bi ya nemi wurin da mutum yake, kuma an ga ana amfani da shi a zahiri. Cikin ƙasashen da aka ambata cewa akwai katuna masu wannan rauni har da Najeriya da Benin.

SS7, hanyar da kamfanoni ke magana da juna

Matamaye, babban garin gundumar Kance a jihar Damagaram, gari ne na bakin iyaka. Ba abin mamaki ba ne a ga mutum da layi biyu, ɗaya na Nijar ɗaya na Najeriya. Idan layin wata ƙasa ya kama rezon wata, dole kamfanonin biyu su tambayi juna: wannan lamba taku ce, tana ina yanzu, ina za a kai mata kira da saƙo? Harshen da suke wannan magana da shi sunansa SS7, kuma asalinsa na komawa tsakiyar shekarun 1970, zamanin da kamfanonin tarho ƴan ƙalilan ne, galibinsu na gwamnati, kowa ya san kowa. Don haka aka gina shi a kan yarda. Duk wanda ke cikin zauren, in ya yi tambaya, ana ba shi amsa.

Yau masu shiga zauren sun kai ɗaruruwa, akwai masu sayar da damar shiga, akwai kuma rezon da aka yi wa kutse. Wani Bajamushe, Tobias Engel, ya nuna tun a 2008 cewa ana iya gano inda waya take ta wannan hanya. A Disamban 2014, a birnin Hambog, shi da Nohl kowa ya gabatar da nasa binciken, suka nuna cewa abin ya wuce sanin wuri: ana iya karkatar da kira, a karanta SMS, ko a roƙi rezo ya miƙo makullin da ya kulle kiran mutum da shi. Duk wannan daga wata ƙasa ake iya yi, da lambar waya kawai, kuma tsadar wayar ko sabuntarta ba ta hana komai, tunda raunin a cikin rezo yake.

A watan Afrilun 2016 tashar talabijin ta CBS a Amurka ta bai wa ɗan majalisar wakilai Ted Lieu sabuwar waya, da saninsa, ta miƙa wa Nohl lambar. Daga Barlin tawagarsa ta naɗi hirarrakin ɗan majalisar ta kuma bi sawun tafiye-tafiyensa. A 2017 kamfanin O2-Telefónica na Jamus ya tabbatar cewa ɓarayi sun yi amfani da SS7 sun karkatar da lambobin tantancewa da bankuna ke aika wa mutane ta SMS, suka kwashe kuɗi daga asusai. Sun riga sun sace kalmomin sirrin masu asusan ta wata hanya, lambar SMS ɗin ce kawai ta rage musu. Ba ɓarayi kaɗai ke sha'awar wannan ƙofa ba. A Disamban 2020 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta fitar da rahoto kan kamfanin Circles, mai sayar wa gwamnatoci kayan leƙen asiri ta SS7, ta lissafa ƙasashe 25 da take ganin abokan cinikinsa ne, ciki har da Najeriya da Maroko da Kenya.

Maganin a hannun kamfanoni yake: su kafa matata a bakin rezonsu da za ta ƙi tambayoyin da ba su da dalili, kamar a ce wani rezo daga wata nahiya na neman makullin layin da minti biyar da suka wuce yana Damagaram. Nohl ya fitar da manhajar SnoopSnitch da ke ankarar da mai waya idan ta ga alamun irin wannan hari, sai dai tana buƙatar wayar Android mai ƙwayar Qualcomm da aka buɗe wa ciki, abin da ya sa ba ta da amfani sosai ga yawancin wayoyi masu araha da ke kasuwannin yankin.

Sauran ayyukansa

A 2014 shi da Jakob Lell suka nuna cewa ana iya sauya manhajar da ke cikin ƴar ma'ajiyar USB ta yi shigar allon rubutu ta dinga bai wa kwamfuta umarni, kuma goge abin da ke cikinta ba ya kawar da cutar. Sun sa wa abin suna BadUSB. A Disamban 2016 ya nuna cewa lambar nan mai harafi shida da ke jikin tikitin jirgin sama, haɗe da sunan mai tikitin, ta isa a shiga bayanan tafiyarsa har a sauya su. Abin lura ne ga maniyyata da matafiya masu ɗora hoton tikitinsu a Facebook. A 2018 kuma suka binciki manhajar wayoyin Android kusan 1,200, suka tarar wasu na nuna cewa an sanya musu gyaran tsaro na wata kaza alhali an tsallake wasu gyare-gyaren, kuma giɓin ya fi yawa a wayoyi masu ƙwayar MediaTek.

Suka da mahawara

Babban ƙorafin da aka yi ta yi masa shi ne cewa bayyana rauni a fili tamkar nuna wa ɓarawo taga ne. Amsar da ya saba bayarwa ita ce hukumomin leƙen asiri da masu kuɗi sun daɗe da sanin tagar, sun kuma daɗe suna sayen na'urorin shiga. Mai gidan ne kaɗai ba a faɗa wa ba. Tarihin A5/1 ya goyi bayansa, domin an shafe fiye da shekara goma masana na gargaɗi ba a motsa ba sai da aka ga abin a kan dandamali. Duk da haka ƙorafin bai rasa tushe ba: gyara na saurin isa inda ake da kuɗi da matsin lambar ƴan jarida, alhali bayanin raunin na isa ko'ina a rana ɗaya. Tazarar da ke tsakani, ƙasashe matalauta ne ke zama a cikinta.

Shi ma ya ɗanɗana ɗaya ɓangaren. Daga 2014 zuwa 2017 ya riƙe muƙamin shugaban tsaron bayanai na wucin gadi a kamfanin Jio na Indiya, daga baya kuma a Axiata na Maleshiya. SRLabs kanta da shawarar da take sayar wa manyan kamfanoni take rayuwa, wato waɗanda take fallasa rauninsu su ne kuma abokan cinikinta.

Abin da ya shafi mai waya a Matamaye

Kuɗi da yawa a yankin ta waya suke yawo: na rake da kayan lambu da ake kaiwa kasuwanni, na ƴan ci-rani da ke aikowa gida daga Aljeriya da Libiya da Najeriya, ta Airtel Money ko Moov Money ko Zamani Cash, ko ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza da Amana. Lambobin nan masu tauraro da ake dannawa a duba asusu, da SMS ɗin da ke zuwa bayan an aika, duk a kan tsofaffin hanyoyin da Nohl ya bincika suke tafiya.

Sai dai a ajiye kowane abu a muhallinsa. Harin SS7 na buƙatar ƙwarewa da hanyar shiga rezo, kuma an fi kai shi ga wanda ake nema musamman: babban ɗan kasuwa, ɗan siyasa, ɗan jarida. Mai damfarar da ya kira ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, ko ya ce ya turo kuɗi bisa kuskure a faɗa masa lambar da ta shigo, ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin wannan ilimi. Nohl da kansa, lokacin binciken Android na 2018, ya ce masu kutse sun fi samun nasara ta hanyar yaudarar mutum ya sauke manhajar bogi da hannunsa. Kiran WhatsApp da saƙonninsa a kulle suke daga waya zuwa waya tun 2016, mai saurare ta SS7 ba zai ji su ba, amma lambar rajistar WhatsApp ɗin ta SMS take zuwa, shi ya sa sanya lambar sirri ta biyu a cikin manhajar ke da amfani.

Ta fuskar doka, shiga na'urar wani ko kama saƙonsa ba da izini ba laifi ne a Nijar a ƙarƙashin dokar yaƙi da laifukan intanet ta watan Yulin 2019. Gwaje-gwajen Nohl a kan wayoyinsa ko na waɗanda suka amince ya yi su. A watan Mayun 2020 majalisar dokoki ta amince da wata doka da ta bai wa hukuma damar sauraron sadarwa saboda dalilan tsaro, dokar da ƴan adawa da ƙungiyoyin farar hula suka soka a lokacin. Sa ido a kan kamfanonin salula huɗu na ƙasar, Airtel da Moov Africa da Zamani Telecom da Niger Telecoms, aikin hukumar ARCEP ne, kare bayanan jama'a kuma na hukumar HAPDP.

Wasu ƙasashe sun raba gari da 2G baki ɗaya: Singafo ta rufe shi a 2017, haka ma kamfanin AT&T a Amurka. Tun daga Android 12, da ya fito a 2021, wasu wayoyi na da maɓallin da mai su zai kashe 2G da kansa. A ƙauyukan da ke kewaye da Matamaye, inda ƙaramar waya mai madannai ce ke kwana biyu ko uku ba ta nemi caji ba, yawancin irin waɗannan wayoyi 2G kaɗai suka sani.